Akwatin Kifi a Wurin Gado

Kallamu na riƙe da zarto sa'ad da Tabawa, wadda zai aura, ta yi sallama a tsakar gidan da yake haya a unguwar Diobu. A gabansa ga ƙaton akwatin kifi na roba mai kama da gilashi, na hannu, wanda ya saya a wani otal domin ta taɓa cewa kallon kifi na kwantar mata da hankali. Ya manta ango ɗaki kawai yake bayarwa, dangin amarya ne ke cika shi. Da Gwaggo Kubura, ƙanwar baban Tabawa, ta zo awon wurin jere, sai ta tarar akwatin ya cinye bangon gado.

"Me ta gaya wa Baba?" ya tambaya, ya kasa ɗaga kai.

"Wai wanda ya bai wa kifi wurin gadona bai shirya aure ba. Gobe za ta dawo. In gado bai shiga ba, za a mayar maka da kayan sa rana."

Ya nuna mata layin da ya ja da alli a jikin akwatin.

"Zan rage shi, amma robar ta tsufa, tana iya tsagewa. Ko in jefar? Ke ma haka kike ganina?"

Ta dube shi, sannan ta tattare mayafinta ta durƙusa, ta riƙe gefen akwatin da hannu biyu.

"Yanka a hankali," in ji ta. "Gadon nasu ne, kifin nawa ne."