Ramin Yumɓu da Layin Zaɓe

An yi wani maginin tukwane, dattijo mai riƙo da addini, wanda abincinsa da na iyalinsa ke fitowa daga rami guda: ramin yumɓun bayan gari, inda kakansa ya haƙa, ubansa ya haƙa. Da zaɓen fid da gwani na kansila ya zo, mutum biyu suka fito, kuma a garin nan wanda duk ya ci wannan ya gama. Na farko kowa ya shaide shi. Ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, sahun farko ba ya wuce shi, in an yi rasuwa shi ne kan gaba wajen haƙa kabari. Da hannunsa ya sa mahaifiyar maginin a makwancinta. Sai dai ya faɗa a bainar jama'a cewa in ya hau zai cike ramin, don ya zama gidan sauro, ya gina rumfunan kasuwa a kai. Na biyu kuwa, sai dai a ce Allah ya shirya. Bakinsa babu linzami, ƙafarsa ta fi sanin hanyar gidan caca da ta masallaci, amma ya ce zai kewaye ramin da katanga ya bar wa magina abinsu.

Magini ya ji duka biyun da kunnensa. Matarsa ta ce ya je ya sami mutumin kirkin tun kafin zaɓe, ya roƙi ko gefe guda a bar musu. Ya ƙi. A ganinsa abin kunya ne a je ana ciniki da mai tsoron Allah, kuma ya riga ya yanke wa kansa cewa irin wannan mutum, faɗa ce kawai, ba zai iya taɓa abincin talaka ba. Ga shi zaɓen na ƙato bayan ƙato ne, da rana tsaka, liman na kallo, surukai na kallo. Da wane ido zai tsaya bayan ɗan caca? Ya bi layin mutumin kirki, ya ja sauran magina suka bi shi. Da ƴar rata kaɗan mutumin kirkin ya ci, ratar da ba ta kai yawansu ba.

Damina na wucewa motoci suka fara juye ƙasa a ramin. Magini ya saka babbar rigarsa ya tafi gidan kansila, aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo ruwa. Kansila ya saurare shi har ƙarshe, ya ce, "Baba, ai na faɗa, kuma kana wurin. Da ka zo tun farko, da mun san yadda muka yi. Yanzu an riga an ba da aiki." Dattijo ya tashi ya kama hanyar gida, don babu ƙarya a ciki ko ɗaya. Abin da ya fi ci masa rai ke nan. Da macuci ne ya yi masa haka, da ya ɗaga hannu ya kai ƙara wurin Allah. Yanzu ya rasa wanda zai kai sai kansa. Yumɓun da ya koma ɗaukowa daga nesa yashi ne da shi, rabin tukwanen a wuta suke fashewa, ƴaƴansa duk sun watsar da sana'ar. Har yau in aka tambaye shi halin kansila, cewa yake mutumin kirki ne, sai ya kau da kai. Masu iya magana suka ce, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.