Turbar Mai Kifi

Sallau, Barmani, da kai Auta, ku matso kusa. Auta, jingine keken nan ka zauna, ba inda zai je. Tun jiya kun cika mini kunne da gardama a kan Iya Kuluwa da tulunta da ya fashe, to ku saurara.

A zamanin da keke bai fi a ƙirga da yatsu ba a ƙasar nan, an yi wani mai fataucin ɗanyen kifi. Kullum da hantsi yakan saro karfasa a hannun masunta a bakin gulbi, ya kai kasuwar gari ta wata siririyar turba da ta ratsa fadama. Faɗinta bai fi tabarma ba. Dama da hagu tsidau ne, ƙayar nan mai rarrafe a ƙasa, amma tsakiyarta sumul kamar daɓen ɗaki. Ita mata ke bi da tukwane da itace a ka. Mutumin nan in ya hango mai kaya a gabansa, tun daga nesa zai taɓa ƙararrawa sau ɗaya, kamar mai sallama a ƙofar gida. Sai ya sassauta, ya gaishe ta, ya faɗa mata hannun da zai bi, domin ya san mai kaya a ka ba ta da wuyan waiwaye. In wurin ya matse, ya sauka ya tura, shi ya taka gefen ƙaya tunda shi ke da takalmi. Mata har tsokanarsa suke yi, wai ya sayi doki amma shi ke yi wa dokin rakiya. Yakan yi dariya ya tambayi lafiyar yara. Haka ya tsufa, kifinsa bai taɓa isa kasuwa da wari ba.

Da ƙarfinsa ya ƙare, ɗansa ya gaji keken da kwandon. Saurayi ne mai jini a jika, a ganinsa uban ya ƙarar da rabin rayuwarsa a gaisuwa, alhali kifi ba ya jiran a gama gaisawa. Shi sai ya zo daf da ƙeyar mutum sannan ya kaɗa ƙararrawa, ya wuce fuu. Bai taɓa buge kowa ba, da wannan ma yake taƙama. Bai kuma taɓa waiwayawa ya ga inda macen da ta firgita take sauke ƙafa ba, ƙafa ba takalmi, cikin tsidau, da kaya a ka. Ba wadda ta zage shi, ba wadda ta kai ƙara. Ɗaya bayan ɗaya suka sake hanya ta bayan gonaki, mai nisa, mai rairayin da keke ba ya iya ratsawa. Saurayi ya ji daɗi, turba ta zama tasa shi kaɗai, ba mai sa shi taɓa birki.

Damina ta sauka, tsidau ya fara miƙo hannu daga dama da hagu har ya haɗe a tsakiya. Da kaka ta yi ya bushe, ya zubar da ƙaya. Yau tayar gaba, gobe ta baya, faci a kan faci. Rannan duka biyun suka sace a tsakiyar fadama. Ya yi ta turawa, rana ta take, ƙudaje na bin kwando. Kafin ya kai gari karfasa ta juya, masu suyar da suka saba jiran ubansa sun saya a hannun wani, sun ma shaida masa kada ya wahalar da kansa gobe. A hanyar komawa, daidai inda turbar ta rabu da sabuwar hanyar mata, ya tarar da wata tsohuwa mai ginin tukwane tana gyara gammo. Ranar dai ya tsaya ya gaishe ta, tunda ba abin hawa. Ya tambaye ta da me ubansa yake share turbar nan, shi bai ga fartanya a cikin gado ba.

"Ubanka bai taɓa share ta ba, ɗan nan," in ji tsohuwa. "Tafin ƙafarmu ne ya share masa. Taya ba ta kashe ciyawa."

Ta ɗora tukwanenta ta bi ta rairayi. Shi kuwa ya tsaya yana duban turbar da ya ci da yaƙi, ba inda za a sa ƙafa. An ce daga baya ya koyi sauka, ya koyi sannu da aiki, amma ba wanda zai gaisar a kan hanyar. Ƙafar da ƙararrawa ta kora ba ƙararrawa ke dawo da ita ba. Shi ya sa magabata suka ce, sauri ya haifi nawa.

To Auta, na ji ka ce kekenka bai taɓa Iya Kuluwa ba da tulunta ya fashe. Gaskiya ne, wancan ma bai taɓa kowa ba. Amma yau da safe Iya Kuluwa ta zagaya ta bayan masallaci ta tafi rijiya, ita da surukanta, ba su bi ta lungunmu ba, lungun da take bi tun kafin a yanke maka cibiya. Sallau, kai ne babba. Barmani, ke kika fi su baki. Ban ce ku kawo mini hujja ba. Ku tashi ku uku ku san yadda za ku daidaita maganar nan, ina so gobe in ji takunta a bayan katangata.