Jan Takalmi Daga Challawa

Ina aji uku a firamare Baba yake DPO na 'yan sanda, yana binciken mutuwar wani lebura a wata masana'antar fata a Challawa. Wata Asabar bayan la'asar, direban mai masana'antar ya kawo kwali, wai tsarabar yarinya. Jan takalmi ne, yana ƙamshin sabuwar fata. Na zura ƙafa, ya zauna ɗas.

Ina cikin yanga a tsakar gida Baba ya shigo. Bai yi faɗa ba. Shi dama faɗansa tambaya ce. Ya durƙusa, ya danna bakin takalmin da babban yatsa.

"Bai matse ki ba?"

"Daidai ne, Baba!"

Ya dubi Umma. "Ni da na haife ta ban san lambar ƙafarta ba. Shi wa ya gaya masa?"

"Haba Yallaɓai, kyauta ce fa."

"Saƙo ne."

Aka mayar da takalmin, aka hana ni zuwa makaranta ni kaɗai. Na sha kuka, ina cewa Baba mugu ne. Sai da na haihu na gane saƙon: barazana ce, sun san 'yarsa har lambar ƙafarta.