Baƙin Kati a Maɓallin Malam Orval

Ranar Asabar, sha huɗu ga watan Satumban bara, da hantsi, aka fara zaluntar Malam Orval Etcheverry, tsohon malamin lissafi na garin Harlow. Har yau ba wanda ya ce masa "yi haƙuri."

Yana gyaran shingen gonarsa ya ji ƙara kamar an fasa dutse. Ya ɗaga kai, sai ga hayaƙi a kan bututun kamfani, wannan doguwar macijiyar ƙarfe da aka shimfiɗa a hamadar Nevada, aka zuƙe iskar cikinta don tarago ya riƙa gudu da fasinja kamar harsashi.

Kowa ya san Malam ba ya ƙaunar bututun. Tun da majalisar gari ta amince da shi ya daina zuwa taro, jaridar gari kuwa murhu yake kunnawa da ita. Amma in tarago ya tarwatse, mutane ne a ciki. Ya ɗauki gatari don fasa ƙofa, ya faɗa akori-kurarsa.

A bakin shingen wayar da ya kewaye bututun ya ci karo da masu gadi biyu, haya daga birni. Suka ga tsoho da gatari ya nufi bututu, suka sakar masa kare ba tare da tambaya ba.

Karen ya cafke hannunsa na dama, ya girgiza shi kamar tsumma har ƙashi ya yi ƙara. Ɗayan mai gadin ya zuba masa kulki a haƙarƙari, ɗayan ya taka masa fuska da takalmi.

"Kaka, kai ne mai zanga-zangar? Tashi ka sare shi mana!"

Rediyon da ke ƙugunsu ya kira su su buɗe wa motocin kashe gobara ƙofa. Suka ja karensu suka bar shi. Malam ya cusa kai ta ƙarƙashin waya, ya mirgina gangare.

Abin da ya gani a ƙasa ya mantar da shi nasa ciwon. Tarago ya kife kusa da bututun, mutane warwatse cikin ƙura, wasu na ihu, wasu shiru. Ga Marlys mai gidan waya, rabin fuskarta ya saɓule. Ga wani a miƙe, an rufe masa fuska da hularsa. Tururuwa sun yi layi a kan jinin da ya malala. Can gefe, ƙarƙashin rumfa, tukwanen wake da nama suna tafasa.

Ya ja jiki zuwa wurin Lupe Ybarra, wadda ya koya wa raba dogon lissafi tana 'yar kitso biyu. Wani ƙarfe ya tsire cinyarta. Da haƙori da hannun hagu ya yage rigarsa, ya fara ɗaure mata ƙafa.

"Wayyo, Malam, cakulkuli!" ta ce, kafaɗunta na rawa. "Kai ma ka zo?"

Ya ɗauka zafi ne ya juya mata kai.

Motoci suka shigo da jiniya. A gaba akwai shugaban 'yan kashe gobara, Dwayne Pruitt, wanda ya maimaita aji a hannun Malam. Yana bin mutane yana rataya musu kati: ja a ɗauka yanzu, baƙi gawa ce, a bar ta.

"Dwayne," Malam ya ce, jini na fita ta bakinsa. "Hannuna."

Dwayne ya tsuguna, ya leƙa naman da ke lilo, ya yi fito.

"Kai, Malam! Wa ya yi maka wannan? Ya iya aiki, wallahi. Ku zo ku ga na Malam!"

Suka taru a kansa. Wani ya sa yatsa cikin raunin, Malam ya kurma ihu, suka fashe da dariya. Wata mata daga kamfani, usur rataye a wuyanta, ta tura mai hoto kusa.

"Jan kati ya ƙare," in ji Dwayne, yana ɗaura baƙi a maɓallin da ya rage a rigar. "Shekara da shekaru kana ba ni sifili, yau ni ke ba da maki. Ka mutu, Malam. Kwanta ka yi shiru, gawa ba ta surutu."

Aka tsallake shi da gadon ɗaukar majinyata. Aka ɗauki Lupe, aka ɗauki Marlys, aka ɗauki wani mai kurjewar gwiwa. Malam yana kwance a rana, ƙasa na shanye jininsa, yana kiran tsofaffin ɗalibansa ɗaya bayan ɗaya da cikakken suna. Abu na ƙarshe da ya ji shi ne busar usur, da tafi.

Ya farka a asibiti. An yanke hannun dama daga gwiwar hannu. Likita ya ce da an kawo shi da wuri, da an ceci hannun.

Ni ne Orval Etcheverry, kuma da hannun hagu nake wannan rubutu. Ina neman kamfanin, da Dwayne Pruitt, da jaridar da ta buga hotona a shafin farko ta kira ni "gwanin ranar," su tsaya a ɗakin taron Harlow, a gaban kowa, su ba ni haƙuri. Su kuma faɗa da bakinsu cewa da aka busa usur ɗin tashi daga atisayen ceton da suka shirya, gawawwaki suka miƙe suka nufi tukwanen wake, jinin kowa ruwan sukari ne da jan launi, nawa kaɗai ne na gaske.