Wutar da Ta Hau Kan Ruwa

Ilu, tunda ka ce gidajen hayar da ka saya a bakin teku inshorar ambaliya kaɗai za ka yi musu, ta gobara kuma sai wani jiƙon, ajiye wayar nan ka saurare ni. Ni kawunka ne, ba dillalin inshora ba, ba ni da la'ada a ciki. Misali zan ba ka.

An yi wani falken shanu, mutumin can arewa, inda ake zura guga igiya ta kusa ƙarewa kafin a taɓa ruwa. Ƙuruciyarsa duk a hanyar kurmi ya ƙarar da ita. Da gwiwa ta fara ƙi, ido ya fara hazo, sai ya sayar da abin da ya rage a garke, ya gina ɗakunan haya a wata unguwar masunta a bakin teku, jere biyu suna kallon juna, tsakar gida a tsakaninsu. Ba shi da gona, 'ya'ya kuma Allah bai bar masa ba. Ɗakunan nan su ne tuwonsa, da su yake sa ran a saya masa magani, a kuma yi masa likkafani. To, mutumin nan duk duniya ba abin da yake tsoro kamar teku. Ya kama bijimi da ƙaho, ya kwana a dajin ɓarayi, amma da ya ji igiyar ruwa ta daki gaɓa sai ya ja da baya. Don haka ya kewaye gidan da katangar siminti, ya ɗaga dokin ƙofar zaure har gwiwa, ya sa aka toshe rariya don kada tekun ya biyo ta nan.

Ranar da ma'aikacin inshora ya zo, ya ba shi shawara ya haɗa ta ambaliya da ta gobara. Falke ya karɓi ta ambaliya hannu bibbiyu. Da aka zo kan gobara sai ya yi dariya, ya nuna tekun da sandarsa ya ce, "Yaro, a garinmu rashin ruwa ke sa gobara ta cinye gida. Nan fa? Ga randar Allah a ƙofar gidana." Ma'aikacin ya yi masa bayani cewa gishirin da ke cikin iska yana cin wayoyin lantarki a ɓoye, masunta kuma a ɗaki suke ajiye fetur ɗin injin kwalekwalensu. Falke ya sallame shi da godiya. Kada ka ɗauka rowa ce, Ilu, mutumin ba marowaci ba ne. Raini ne kawai. Wuta ya san ta tun yana yaro, da ita ya gasa masara, da ita ya kori kura daga garke, ya ɗauke ta 'yar gida.

Ana nan, damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa ta wuce, tekun ko dokin ƙofar bai taɓa lasa ba. Rannan da la'asar, iska na kaɗowa daga teku, maza duk suna kan ruwa, sai wata waya da gishiri ya gama cinyewa ta yi tartsatsi a ɗakin ƙarshe, daidai kan jarkokin fetur. Mata suka sa kururuwa, unguwa ta fito da bokitai, falke na gaba yana ɗingishi yana cewa a ɗebo, a ɗebo, wannan ruwa ba ya ƙarewa. Aka yi layi daga gaɓa har cikin gida, ana miƙawa ana sheƙawa. Shi kuwa fetur ba ya nutsewa. Ya hau kan ruwan da wutarsa, ya gangaro tsakar gida. Da rariya a buɗe take, da ya fice waje, amma katangar da ta hana teku shiga ita ta hana shi fita. Ruwa ya taru, wuta na yawo a kansa, tana shiga ɗaki ɗaki ta ƙarƙashin ƙofa, kowane bokiti da aka zuba hanya aka ƙara mata. Kafin motar kashe gobara ta ratso lungunan unguwar, kwanon rufi ya zube. Wata tsohuwa mai sayar da bandar kifi, da ta koma ɗauko jikarta, ta miƙo yarinyar ta taga, ita ba ta fito ba.

Falke ya je ofishin inshora. Aka karɓe shi da mutunci, aka ba shi kujera, aka yi masa jaje. Ya ce ai ruwa ne ya raba wutar ɗaki ɗaki, kuma ruwan teku ne. Suka ce, "Baba, tekun bai shigo gidanka ba. Kai ka sa aka ɗauko shi a bokiti." Ba su cuce shi ba ko kaɗan, abin da ya saya ne bai faru ba. Masu jaje suna ta cewa gobara daga kogi maganinta Allah. Haka ne, sai dai wannan an kawo masa maganinta har zaure ya mayar. A ɗakin aro ya ƙarasa kwanakinsa a zango, unguwar 'yan arewa, ga makanta, ga tsohuwar nan da ba ta fita ransa ba. Da ya rasu sai da aka yi karo-karo a masallaci kafin a sayi likkafani. Har yau in na tuna shi raina ɓaci yake. Katangar kuwa tana nan tsaye, ko tsagewa ba ta yi ba.

Ban ce ka daina tsoron teku ba, Ilu, ka ji tsoronsa. Amma gobe in ka koma wajen mutanen inshorar nan, ka tambaye su ta gobara, ka kuma leƙa ɗakunan 'yan hayarka ka ga abin da ke bayan ƙofa. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.