Allura Uku a Robar Ayis Kirim

Wata huɗu Lindalva ta yi tana ramewa, duk layinmu a garin Caruaru kuwa ido na kanta. Tana sayar da rigunan yara a kasuwa, tana zaune da mahaifiyarta, Dona Quitéria, tsohuwa mai ciwon suga.

"Ke Lindalva, ina kika kai rabin jikinki?" in ji maƙwabciyarta Marinalva, wadda bakinta ba ya hutu. "Ko allurar nan ta masu kuɗi kika fara?"

"Allura? Allah Ya sawwaƙe! Shayin ganye ne da tafiyar ƙafa."

Ƙarya take yi. Likita ne ya rubuta mata allurar rage ƙiba, mai kama da biro, sau ɗaya a mako. Amma kunyar a ce ba ƙoƙarinta ba ne ta hana ta faɗa wa kowa, har uwar da ta haife ta.

Allurar tana son sanyi, firjin gidan kuma ɗaya ne. Kun dai san firjinmu, robar ayis kirim ba ta taɓa ƙunsar ayis kirim, ko dafaffen wake ne a ciki ko wani tarkace. A irin wannan robar Dona Quitéria ke ajiye alluran sugarta guda biyu, masu kama da biro su ma. Sai Lindalva ta ɓare takardar jikin tata, ta naɗe ta a tsumma, ta cusa a ƙasan robar. A ganinta ta yi wayo.

Ranar wata Asabar tsohuwa ta wanke firji. Idonta ya yi rauni, da lalube take komai. Ta zazzage robar, ta goge, ta mayar da kayan ciki. Tsumman ta naɗe shi a kan abin da hannunta ya fara taɓawa.

Da safen Lahadi wake na kan wuta, ana jiran baƙi. Lindalva ta zari tsumman, ta sa a aljihu, ta shige banɗaki, wanda ƙwan fitilarsa ya daɗe da mutuwa. Tata allurar, murza ta ake yi har sai ta tsaya. Ta murza. Ƙas, ƙas, ƙas. Ta ji yau ƙarar ta yi tsawo, amma ana buga ƙofar gida, sai ta soka a cikinta ta fito, ta mayar da ita cikin robar a naɗe. Ko karyawa ba ta yi ba.

Kafin tsakar rana gumi ya jiƙe mata riga, hannunta na rawa.

"'Yata, zo ki sha gahawa da suga," in ji uwar.

"Mama, kin san na bar suga."

Can sai ta tsaya tsakiyar falo ta ƙura wa bango ido. Ta yi wata dariya da ba mu taɓa jin ta a bakinta ba. Ta kira sunan mahaifinta da ya rasu shekara tara, ta ce a matsa masa kujera ya zauna. Ina wurin, wallahi tsikar jikina ta tashi. Cokula suka tsaya a hannun mutane.

"Kambun baka ne!" in ji Marinalva. "Dama ramar nan ta yi yawa a bakin mutane. A kira Dona Severina!"

Dona Severina ita ce mai yi mana addu'ar kambun baka. Ta zo da ɗanyen ganye uku, aka rufe tagogi, aka kunna kyandir. Tana kaɗa ganyen a kan Lindalva tana motsa baki, ganyen na yaushi, mu kuma muna gyaɗa kai muna cewa abin yana fita. Jikin Lindalva ya yi sanyi ƙalau. Ta daina dariya, ta daina magana, sai wani irin minshari.

"Ta samu barci," in ji Marinalva cikin raɗa. "A bar ta ta huta."

Muka bar ta. Na'urar auna suga tana nan a kan firji, babu wanda ya waiwaye ta, don ba Lindalva ce mai ciwon ba.

Sai da lokacin allurar yamma ta tsohuwa ya yi. Ta buɗe robar, ta laluba, ta sake lalubawa. Muka ji muryarta daga kicin, ƙasa-ƙasa.

"Biyu gare ni. Wa ya kawo ta uku?"

Marinalva ta kai su bakin taga. Ɗaya ba takarda a jikinta. Ta cikin tsumman kuwa ta tsohuwa ce, sabuwa fil jiya, yau an sha mata ciki sosai. A nan ne ihu ya tashi, aka nemi mota.

A asibiti likita ya auna, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Tun yaushe take haka?"

Muka ce tun kafin tsakar rana. Ya ce maganin sugar uwar ne ta zuba wa kanta mai yawan gaske, sugar jikinta ta faɗi warwas na tsawon awowi, ƙwaƙwalwa ta taɓu. Da tun tana gumi ta sha wannan gahawar aka kawo ta, da wani zancen ake yi.

Lindalva ta rayu, amma ba ta dawo ba. Yanzu tana zaune a bakin ƙofa, ta rame fiye da yadda ta taɓa fata, tsohuwar da ba ta gani sosai ita ke ba ta abinci a baki. Ba ta gane kowa. In ka wuce za ka ga yatsunta biyu suna murza iska, bakinta na cewa ƙas, ƙas, ƙas. Marinalva ta daina bin ta wannan gefen layin.

Jama'a, kada ku ɓare takardar jikin magani, kada ku haɗa allurarku wuri ɗaya da ta wani, ku karanta sunan cikin haske kafin ku soka. Kuma ku faɗa wa mutum ko ɗaya a gida abin da kuke sa wa jikinku, don ranar da bakinku ya kasa, shi zai faɗa wa likita.