Ranar da Muka Wanke Tasar Iya

Abin nan a Gumel ya faru, tun Turawa ba su tafi ba, ina yarinya. Wani malamin makaranta ya sami ɗaki, ya ce kowane gida ya taimaka da kayan kakanni, a ajiye don na baya su gani. Maza suka yi yaɓe, kafinta ya kafa katako, duk don Allah.

Kakata Iya tana da tasar tagulla da uwarta ta zo da ita daga Damagaram, ta yi kore don tsufa. Malam ya roƙa. Iya ta ce sunan gidanmu ba zai shiga bainar jama'a da dauɗa ba. Tun hantsi muke dirzar ta da toka da tsamiya, har na ga fuskata a ciki.

Da la'asar muka kai. Malam ya juya ta, ya riƙe baki.

"Iya, wa ya wanke?"

"Ni da jikata. Ko da saura?"

"Ai tsufan muke so. Yanzu za a ce jiya aka sayo ta a kasuwar Maigatari."

"To ɗan nan, ƙazantar ce tarihin?"

Malam ya ɗora fasasshiyar ƙwaryar maƙwabciyarmu a kan katako, tasarmu kuwa ya ajiye bayan ƙofa.

Iya ta sunkuya ta ɗauki abarta. A hanya ta ce mini, "Ke, wai laifi muka yi?"

Na yi shiru. Yau na girmi Iyar wannan rana, amma da za ta sake tambayata, shirun dai zan sake yi.